Wa Ya Naɗa Mai Bin Bashi Alƙali?

A kowace kotu da ta amsa sunanta, tun daga zauren alƙalin ƙauye har manyan kotunan Turawa, ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja, kuma ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowane ɓangare. Amma akwai wata kotu da ba ta aika sammaci, ba ta kiran shaidu, kuma hukuncinta ya fi na kotuna da yawa cizo. Ita ce kundin tarihin bashi, wato fayil ɗin da ake buɗe wa mutum a riƙa rubuta duk rancen da ya ci da yadda ya biya. A wannan kotu mai ƙara shi ne shaida, shi ne kuma alƙali. Ni a ganina wannan zalunci ne da aka ɗinka wa rigar doka, kuma gara mu kira shi da sunansa tun bai gama miƙe ƙafa a gidajenmu ba.

Bari mu ɗauki Birtaniya, domin a can tsarin ya daɗe har ya nuna halinsa. Manyan kamfanoni uku ne ke riƙe da waɗannan kundaye: Experian da Equifax da TransUnion. Bankuna da masu ba da katin bashi da kamfanonin wayar salula, har da wasu na wuta da ruwa, duk wata suna aika musu bayanin abokan cinikinsu, wane ya biya, wane ya makara. Idan mutum ya yi kamar wata uku zuwa shida bai biya ba, kamfanin da ke binsa na iya rubuta cewa ya karya yarjejeniya, wato ya buga masa tambarin taurin bashi. Wannan tambari yana zama shekara 6 cur daga ranar da aka buga shi. Ko da mutum ya biya washegari ba a goge shi, iyaka a rubuta a gefensa cewa an biya. A tsawon waɗannan shekaru, duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa don rancen sayen gida ko mota ko kwangilar waya, sai an duba kundin tukuna. Ko dai a hana shi, ko a ba shi da kuɗin ruwa mai tsada.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kare macuta ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci kuɗin mutane ya shafa wa idonsa toka ya ƙi biya, ya dace a san shi don kada ya cuci na gaba. Ba da wannan nake faɗa ba. Maganata a kan mutumin da ya ce: "Ban ƙi biya ba, cewa na yi ba ku bina." Wanda aka sayar wa kaya ba irin wanda aka faɗa masa ba. Wanda ya soke kwangilar waya a kan ƙa'ida, amma aka ci gaba da lissafa masa kuɗin wata-wata. Wanda aka yi wa alkawarin farashi da baki, takarda ta zo da wani. Irin wannan mutum jayayya yake yi, kuma jayayya ba taurin bashi ba ce. Sai dai a wurin kundin duk ɗaya ne, tambarin da za a buga wa mai jayayya shi ne dai wanda ake buga wa macuci.

Wanda ke ganin na zuzuta abin, ya saurari labarin Richard Durkin. Ranar 28 ga Disamban 1998 ya shiga shagon PC World da ke birnin Aberdeen a Sikotland yana neman kwamfutar tafi-da-gidanka. Sharaɗinsa ɗaya ne, yana son wadda ke da modem a cikinta, wato 'yar na'urar da a wancan zamani ake haɗa kwamfuta da intanet da ita ta layin tarho. Yaron shago ya nuna masa wata, amma ya ce ba shi da tabbas, sai suka yi da shi cewa ya tafi da ita gida ya buɗe, in babu ya maido. Kuɗinta fam 1,499. Ya ba da kafin alƙalami fam 50, ya sa hannu a takardar rance da bankin HFC a kan ragowar fam 1,449. Da ya isa gida ya duba, babu modem. Washegari da safe ya mayar da ita, manajan shago ya ƙi karɓa, shi kuwa ya ajiye musu kayansu ya yi tafiyarsa.

Daga nan banki ya fara neman kuɗinsa. Durkin ya faɗa musu cewa ya mayar da kaya, ciniki ya warware, don haka rancen da aka ƙulla saboda cinikin ma ya faɗi. Bankin bai bincika ba. Ya ɗauki maganar shago yadda take, ya gargaɗe shi cewa in bai biya ba zai sha wuyar samun rance nan gaba, sannan a 1999 ya kai sunansa Experian da Equifax a matsayin mai taurin bashi. A 2004 Durkin ya shigar da ƙara. A 2008 kotun farko ta Aberdeen ta ba shi gaskiya, ta yanke masa diyyar fam 116,674, mafi yawanta saboda gidan da ya ce tambarin ya hana shi saya a Sifaniya. A 2010 babbar kotun Edinburgh ta rushe wannan nasara. Sai ranar 26 ga Maris na 2014 Kotun Ƙoli ta Birtaniya, ta bakin mai shari'a Lord Hodge, ta tabbatar cewa yana da ikon warware rancen tun da ciniki ya warware, kuma wajibi ne a kan bankin ya bincika maganarsa kafin ya kai sunansa ko'ina. Diyyar da aka bar masa ta ɓata suna fam 8,000 ce. Jaridu sun ruwaito cewa kuɗin shari'ar ya kai wajen fam 250,000.

Ka tsaya ka auna wannan lissafi, ya mai karatu. Kwamfutar da ta kwana ɗaya tak a gidansa ta ci masa fiye da shekara 15. Kafin kotun farko ta buɗe baki a 2008, tambarin ya riga ya gama cin shekarunsa a kan sunan mutumin, ya yi ɓarnar da zai yi. Babu wanda ya goge masa shi a lokacin da gogewar za ta yi amfani. Abin da ya samu a 2014 ihu ne bayan hari. Kuma a duk tsawon wannan lokaci, shi ne ya yi ta sintiri tsakanin lauya da kotu don ya wanke kansa, alhali wanda ya yi da'awar bai taɓa zama dole ya tsaya gaban alƙali ya kawo hujja kafin ya danna maɓalli ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai taurin kai ne, da ya biya fam 1,449 ya huta, daga baya ya nemi haƙƙinsa. Wasu ma za su ƙara da cewa shi da kansa ne ya ɗaukaka ƙara bayan hukuncin 2008 yana neman ƙari, har ya rasa na hannu. Wannan na biyun gaskiya ne, kuma kowa na iya faɗin ra'ayinsa a kai. Amma bai taɓa tushen maganar ba, domin ko da ya tsaya a 2008, shekara 9 sun riga sun tafi. Shi kuwa "biya ka huta" shawara ce da masu ba da shawara kan bashi ke yawan bayarwa, kuma ga wanda ke shirin neman rancen gida baɗi, ba zan ce masa wauta ba ce ya biya, ya rubuta a takarda cewa bai yarda ana binsa ba, sannan ya bi kadin kuɗinsa. To amma kasancewar wannan shawara ta zama hikima, shi ne babbar shaida a kan lalacewar tsarin. Ma'anarta, kamfani ba ya buƙatar ya fi ka gaskiya, ya ishe shi ya fi ka abin tsoratarwa. Zuwa kotu yana cin kuɗi, yana buƙatar takardu da shaidu, kuma ana iya kayar da shi. Buga tambari kuwa ba ya cin ko kwabo. Wane ɗan kasuwa ne zai zaɓi hanya mai tsada alhali ga ta kyauta? Mutum nawa suka biya abin da ba a binsu don tsoron shekara 6, babu wanda zai iya ƙirgawa, domin wanda ya biya ya yi shiru ba ya shiga kowane lissafi.

Masu ba da rance kuma za su ce in aka hana su buga tambari a kan duk wanda ya ce yana jayayya, to kowane macuci zai fake da jayayya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma maganinta a fili yake. Ba a ce a ɓoye bayanin ba. A rubuta gaskiyar abin da ke akwai: ana jayayya a kan wannan kuɗi, ba a yanke hukunci ba. Duk mai ba da rance da ya gani sai ya yi nasa lissafin. Kuma rarrabe jayayyar gaskiya da ta ƙarya ba aikin ɗaya daga cikin masu jayayyar ba ne. Ita kanta hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya, ICO, a jagorar da ta fitar a 2007 ta nuna cewa buga tambari alhali akwai jayayya ta gaskiya da ba a warware ba, abu ne da za ta iya ɗauka rashin adalci. Wato ƙa'idar sananniya ce a takarda. Matsalar ita ce ana tuna ta ne bayan an buga tambarin, kuma wanda aka zalunta shi ke ɗaukar nauyin tunatarwa.

Yanzu mu duba hanyar da doka ta tanada don goge tambarin, domin akwai 'yan'uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa da ke zaune a can, kuma sanin hanyar ya fi rashin saninta, duk da ƙayar da ke cikinta.

Farko mutum ya nemi kundinsa daga kamfanonin uku duka, domin ba lalle abin da ke wannan ya kasance a wancan ba. Tun 2018 kyauta ake bayarwa. Ya duba ranar da aka buga tambarin da adadin kuɗin da aka rubuta, don kuskure a ɗaya daga cikinsu hujja ce a hannunsa. Sannan ya rubuta koke zuwa ga kamfanin da ya buga tambarin, a rubuce ba ta tarho ba, ya bayyana abin da aka yi yarjejeniya a kai, da inda aka saɓa, da ranar da ya fara nuna rashin yarda, ya haɗa da rasit da wasiƙu. Yana da ikon neman kamfanin ya ba shi duk bayanan da yake riƙe da su a kansa, har da rikodin kiran waya in akwai, kuma a ƙa'ida wata ɗaya aka ba kamfani ya amsa. Sau da yawa a nan ake samun muryar ma'aikacin da ya yi alkawarin da kamfani ke musawa.

A lokaci guda ya shigar da ƙorafi wurin masu riƙe da kundin. Dokar rancen masu saye ta 1974 ta ba su kwana 28 su faɗa masa ko sun goge, ko sun gyara, ko sun bar abin yadda yake. A nan ne za ka ga abin takaici. Abin da suke yi shi ne su koma su tambayi kamfanin da ya buga tambarin: shin abin da ka rubuta daidai ne? In ya ce daidai ne, shi ke nan, sai su ce maka bayanin ba nasu ba ne, ba za su taɓa shi ba sai da izinin mai shi. An kai ƙarar kura wurin kura ke nan. Abin da ya rage maka a wannan mataki shi ne dokar ta yarda ka rubuta bayanin da bai wuce kalma 200 ba, a liƙa shi a jikin kundin don duk mai dubawa ya ji ta bakinka. Yana da amfani, domin yana sa a fitar da takardarka daga hannun na'ura a miƙa wa mutum ya karanta. Amma tambarin yana nan daram.

In kamfanin na harkar kuɗi ne, yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe. In ya ƙi gyarawa ko ya yi shiru, sai a tafi ofishin sasanci na Financial Ombudsman Service cikin wata 6 daga ranar amsar, kyauta ne, kuma yana da ikon umartar kamfani ya goge tambarin har ya biya diyya. In rigimar ta kwangilar waya ce ko intanet, masu sasancinta daban ne, Communications Ombudsman ko CISAS, gwargwadon wanda kamfanin ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma ICO, tun da dokar kare bayanai ta wajabta cewa abin da aka rubuta a kan mutum ya zama daidai. Daga nan sai kotu, kuma mun ga abin da kotu ta ci wa Durkin. A bakin wannan doguwar hanya akwai 'yan damfara da ke tallar cewa in ka biya su za su wanke maka kundi. Babu wata ƙofa da suke da mabuɗinta wadda kai ba ka da shi. Tambarin da yake daidai ba mai iya goge shi, wanda yake kuskure kuwa wasiƙarka ta isa ta fara aikin.

Ka lura da wanda ke yin duk wannan wahala. Shi ke neman takardu, shi ke ƙirga kwanaki, shi ke jira wata da watanni, kuma tambarin na kan sunansa yana aiki dare da rana. Wanda ya iya rubuta wasiƙa da harshen lauyoyi, yake da lokaci da haƙuri, yana iya kaiwa gaci. Wanda ya taso daga aikin dare, ko baƙon da bai gama sanin ƙasar ba, sai ya haƙura ya ƙirga shekara 6.

Me ya kai mu damuwa da abin da ke faruwa a Aberdeen? Domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa, balle kuma wutar ta riga ta iso. Gana ta yi dokar tattara bayanan bashi tun 2007. A Nijar da wasu ƙasashe masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, kamfanin Creditinfo ya fara wannan aiki a 2016 ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO. Najeriya ta yi tata dokar a 2017, tana da kamfanoni uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ga lambar BVN da ta ɗaure duk asusun mutum wuri guda. Tun watan Agustan 2020 ma babban bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire kuɗin rancen da aka kasa biya daga asusun mutum na wasu bankunan. Ba na musun cewa waɗannan tsare-tsare na iya buɗe ƙofar rance ga mai gaskiyar da ba shi da fili ko gida na jingina. Amma a tuna da wa za su yi aiki a kansa: ɗan kasuwar da ya sa hannu a takarda da Faransanci ko Ingilishi bai karanta ba, sai abin da jami'i ya faɗa masa da baki, matar da ta karɓi rancen ƙaramin banki aka cire mata kuɗaɗen da ba a ambata ba, matashin da ya ɗauki waya ko babur biya-kaɗan-kaɗan kayan ya zo da aibi. In Bature mai ilimi da abin hannu, a ƙasarsa, da harshensa, ya kwashe shekara 15, su waɗannan shekara nawa za su kwashe?

Mu kuwa ba baƙin bashi ba ne. Kasuwanninmu daga Kano zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi sun daɗe suna tafiya a kan amana da suna. Amma in rigima ta tashi tsakanin mai kaya da mai saye, ana kiran dillalin da aka yi ciniki a gabansa, a je gaban sarkin kasuwa ko shugaban 'yan layi, kowa ya faɗi nasa, kafin a ce wane ba shi da amana. Ba na cewa babu son kai a can, akwai shi. Sai dai ko a can an san cewa mutunci madara ne, ba a barin wanda ke faɗa da kai ya riƙe ƙwaryar. Abin kunya ne a ce tsarin da ya zo da kwamfuta da dokoki ya kasa kai wa wannan mataki na adalci.

Abin da ya kamata mu nema, a can da nan, bai fi huɗu ba. Da zarar mutum ya rubuta cewa yana jayayya kuma ya kawo dalili, a dakatar da buga tambari har sai wani na uku ya yi hukunci. Nauyin kawo hujja ya koma kan kamfanin da ya yi da'awa, ya fito da yarjejeniyar da shaidar cewa ya cika nasa ɓangaren. A sa wa'adi, in ya wuce ba a kawo hujja ba a goge. Dokar Amurka ma ta tanadi kwana 30 na bincike da goge abin da aka kasa tabbatarwa, sai dai mu ƙara da cewa tabbatarwa na nufin takarda, ba kamfani ya sake cewa "haka ne" ba. Na huɗu, duk tambarin da ya tabbata ƙarya ne, a biya diyya ƙayyadajjiya a kan kowane wata da ya yi a kan sunan mutum, ba sai an je kotu ba. Wanzami ba ya son jarfa. Ranar da buga tambarin ƙarya ya fara cin kuɗin kamfani, ranar za a fara bincike kafin a danna maɓalli.

Kafin a kai can, kowa ya tsare kansa. Kada ka yarda da alkawarin baki a cinikin bashi, a rubuta maka. In ka mayar da kaya, ka karɓi takarda. In ba ka yarda da kuɗin da ake nema ba, ka faɗa a rubuce tun ranar farko, ka ajiye kwafi, kada ka yi fushi ka yi shiru, domin shirunka shi za a rubuta a matsayin amsarka. Ka nemi kundinka ka duba ko da ba ka da niyyar cin rance. Marubutanmu da 'yan jarida da 'yan majalisa kuma su daina kallon wannan a matsayin maganar 'yan banki. Maganar sunan mutum ce, kuma talaka ba shi da wata kadara da ta wuce shi. Allah Ya kyauta.